Daga Ƙofar Kuyambana zuwa Kufena: yadda muka fitar da hanyar gudu

Duk wanda ya taɓa bin titin Kaduna zuwa Kano ya ga Kufena, ko da bai san sunansa ba. Idan ka taho daga Kaduna kana dosar Ɗan Magaji, shi ne baƙin dutsen nan da ke hannunka na hagu, zaune a tsakiyar gonaki, yamma da birnin Zazzau. A Zariya aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan nake neman abinci, amma ƙafata ba ta san hanyar gindin dutsen nan ba sai da likita ya ɗaura min abin awon jini a damtse, ya dubi lambar, ya dube ni, ya ce in rage gishiri, in rage zama, in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi.

Na fara da gudu a gefen kwalta, yadda kowa yake yi. Wanda ya fito neman lafiya a bakin titin Zariya da sassafe, hayaƙin tirela yake sha, ga 'yan acaɓa da ba su san birki ba, ga kwalta mai cin gwiwa. Filin wasa kuwa zagaye ne, ka dawo inda ka tashi, ka sake dawowa, har ranka ya gundura tun ƙafarka ba ta gaji ba. Sai na ce to, ga karkara nan a bayan gida, ga ganuwa, ga Wusasa, ga Kufena. Me zai hana in haɗa su da hanya ɗaya wadda mutum zai bi da gudu, ya fita bayan sallar asuba, ya dawo kafin rana ta buɗe?

Waya na fara ɗauka. A Google Maps, idan ka juya zuwa hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, za ka ga hanyoyin ƙafa sun fito farare, sirara, suna ratsa gonaki suna haɗuwa a gindin manyan itatuwa. Na zauna da dare na bi su da yatsa, na zana hanyata a takarda, ta yi kyau ƙwarai. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne lokacin da aka ɗauke shi. Yawancin abin da na gani hoton rani ne, bayan an kwashe amfani, lokacin da kowa ke yanke ta tsakiyar gonar kowa. Da ruwan shuka ya sauka, rabin fararen layukan nan sun koma kunya. Hoton ba ya nuna kare, ba ya nuna zaizayar da ta cinye gefen hanya, ba ya nuna cewa wancan fili mai kyau maƙabarta ce.

Saboda haka kafin in yi gudun taku ɗaya, sai da na taka hanyar da tafiya, guntu-guntu, ranakun Asabar, tare da wani abokin aikina da ke da gona a wancan ɓangaren. Shi ya koya min bambance hanyoyin. Akwai ta jar ƙasa da babura da motocin ɗaukar kaya ke bi, mai faɗi ce amma ƙura da tsakuwa sun yi mata yawa. Akwai turbar ƙafa da ke bin iyakar gona da gona, inda aka shuka gamba ko aka dasa bini-da-zugu don kowa ya san nasa. Wannan ita ce mafi daɗin gudu, ƙasarta ta daddale, tana da laushi a ƙafa, sai dai faɗinta na mutum ɗaya ne, kuma ta mai gona ce. Sannan akwai burtali, hanyar shanu. Burtali ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa ya fi daɗewa a inda yake, damina da rani. Illarsa kofaton shanu: idan sun bi shi da ɗanyen taɓo ya bushe a haka, kowane taku rami ne mai iya gurɗe maka idon sawu. A wurare da yawa kuma manoma sun matse shi da garma shekara bayan shekara, har ya zama sai saniya ta karkace za ta wuce. Duk wanda ya ga haka da idonsa ba zai sake tambayar abin da ke haɗa manomi da makiyayi faɗa ba.

Abokin nawa ne ya ce kada in kuskura in fara ratsa ƙauyukan nan da gudu ban gai da masu su ba. Muka sayi goro muka tafi wajen mai unguwar ƙauyen da ya fi kusa da dutsen. Muka same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa, abokina ya gabatar da ni, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ajiye fartanyar, ya dube ni sama da ƙasa. "To Malam, gudun me? Soja za ka shiga?"

Tambayar ba ta raini ba ce. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Zariya, kuma mutanen yankin sun saba ganin samari suna gudu da asuba don su sami shiga. A wajensu, mai gudu ko soja ne, ko mai son zama soja, ko wanda aka biyo. Na cire hula na nuna masa furfura, na ce, "Ranka ya daɗe, sojan da zai ɗauke ni sai dai na tsaron tabarma. Likita ne ya ce jinina ya hau."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce da zan karɓi fartanyar nan in bi shi gona, da jinin ya sauka ba tare da na sayi takalmi ba. Sannan ya gyara zama ya faɗi sharuɗɗansa, kuma su ne dokokin hanyar har yau. Kada in shigo sai gari ya waye, an fara gane fuska. Kada in taka kunya, ko da babu shuka a kanta. In sa dogon wando, don hanyar tana bi ta bakin rijiya inda mata ke ɗiban ruwa. Kada in ɗaga waya in ɗauki hoton gida ko na iyalin wani. Duk inda na ga mutum in yi sallama, ko numfashina ya ƙare. Ya aika aka kira shugaban 'yan sintirin ƙauyen ya gan ni, ya karɓi lambata. Daga nan ya haɗa ni da wani jikansa, yaro ɗan sakandare, ya ce, "Kai, nuna wa babanka hanyar da muke bi da damina, ba ta rani ba."

Yadda hanyar ta tsaya a ƙarshe, daga cikin birni take farawa. Idan na sami sallar asuba a cikin gari, nakan taho da tafiya ta gaban fada da masallacin Juma'a, don jiki ya saki. A da, wanda ya ga masallacin daga waje ba zai san cewa a cikin ginin zamanin akwai tsohon ginin ƙasa na Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, wanda ya yi a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Gudu sosai sai an fita Ƙofar Kuyambana.

A nan nakan ɗan bi gefen ganuwa kafin in miƙe yamma. Ganuwar Zazzau zagayenta ya haura kilomita 14, kuma wannan adadi ba ya shiga kai sai ka bi wani yanki nata da ƙafa kana haki. Kana gudu minti goma, sha biyar, tudun nan yana nan a gefenka bai ƙare ba, sai ka fara lissafin kwanduna nawa aka ɗauko a ka, hannu nawa, rani nawa. Ka kuma gane dalilin da ya sa aka yi ta da faɗi haka: ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, har da gonaki da ruwa, don in an yi wa gari ƙawanya ya ci da kansa. Yau an cinye ta a wurare da dama. Wani ya jingina katangar gidansa da ita, wani ya haƙe ta ya buga tubali, ramin da ke bayanta ya zama juji. Ƙofofin suna nan da sunayensu, Doka, Kibo, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau, amma tsakanin wata ƙofa da wata sai ka nemi bangon ka rasa.

Abu mafi haɗari a duk tafiyar ba maciji ba ne, tsallake babban titi ne. A nan babu gudu, babu jarumta. A tsaya, a duba, a bar tireloli su wuce.

Wusasa ba a ratsa ta da sauri, musamman ranar Lahadi. Wani Bature likitan mishan, Walter Miller, ya zauna a cikin birni tun farkon zuwan Turawa, a Durumin Maigarke, sai a 1929 aka mayar da mishan ɗin nan Wusasa. A shekarar aka gina cocin St. Bartholomew, da ƙasa, da azara, da bakan gizo irin na maginan Zazzau. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a ya ɗaga kai, idan ya ga cocin nan zai san sana'ar gida ɗaya ce. A ɗan wannan gari Yakubu Gowon ya tashi, daga makarantar garin aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Ga asibitin St. Luke, ga tsohuwar kwalejin St. Paul da aka mayar wa suna Kufena. Na bar kiran sallah a bayana ba da daɗewa ba, ga ni ina jin ana rera waƙar coci da Hausa tsantsa, tsofaffin mata da littafi a hannu suna ce min, "Sannu ɗana, Allah ya ba da lafiya." Ina da abokai da suka shekara arba'in a Zariya ba su taɓa sa ƙafa a Wusasa ba sai in ciwo ya kai su asibiti. A ganina hasara suka yi.

Bayan gidajen ƙarshe ne ƙasa ke buɗewa. Masara, dawa, waken suya, nan da can ɗorawa da kuka da mangwaro da aka bari a tsakiyar gona, a kwari kuma rake da tattasai. A nan yaron mai unguwa ya nuna min abin da ya fi komai ɗaure min kai. Muna tafe a turba sai hanya ta hau wani ɗan tudu ta sauka. Ya tsaya ya ce, "Baba, ka san abin da ka taka?" Na ce tudu. Ya ce in dubi dama, in dubi hagu. Tudun ba tsibi ɗaya ba ne. Doro ne dogo, ya miƙe ta cikin gonaki yana lanƙwasa, wani wuri ya kai ƙirji, wani wuri garma ta kwantar da shi sai ka durƙusa za ka ga alamarsa, a gefensa kuma ƙasa ta ɗan faɗa inda ramin yake a da. Ya ce, "Ganuwar Amina ke nan."

Abin da aka gada a baki shi ne sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, can kudu, sannan ta taso Kufena, daga bisani ta koma inda birni yake yanzu, kuma sunan Zariya na ƙanwar Amina ne, su biyun 'ya'yan Bakwa Turunku. Jerin sarakunan Zazzau ya sa Bakwa a wajen 1536. Tsohon tarihin sarakunan Kano kuwa ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, a farkon ƙarni na 15, wato da tazarar shekara ɗari ko fiye. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi ganuwoyin nan a shekarun 1970 sun auna su, sun nuna cewa ba bango ɗaya ba ne: akwai wanda ya kewaye Kufena, akwai na birni, akwai waɗanda suka miƙa a tsakani. A Samaru kuma sun tono wuraren narka tama da suka haura shekara 1000. Ni ba masani ba ne, amma wanda ya bi tudun nan da ƙafa zai yi wuya ya yarda aikin sarauta ɗaya ne. Mu dai duk tsohon bangon da muka rasa mai shi, a ƙasar Hausa, sai mu ba Amina. Ta cancanci sunan, amma akwai dubban mutane da suka ɗauki ƙasar nan a ka, kakanni bayan kakanni, ba wanda ya riƙe sunan ko ɗaya.

Babu allo a wurin, babu alama, babu mai gadi. Na sha tsallake irin wannan tudu a mota da babur ban san komai ba. Gudu yana da wani amfani a nan da ban zata ba: ƙafa tana jin hawa da sauka da ido ba ya lura da su. Yanzu ko a inda ban taɓa bi ba, idan cinyata ta ji ɗan hawa a fili shimfiɗaɗɗe, nakan tsaya in duba ko doron ya miƙe. Bayan huɗar fari kuma, idan ruwa ya wanke kunya, sai tsingaro ya fito, ja da baƙi, wani da zanen da aka yi masa da igiya ko tsinke tun yana ɗanye. Na taɓa tsugunawa na ɗauki wani guntu mai kaurin yatsa, bakin tukunya ne, gefen da aka murza da hannu har yanzu sumul. Manomin da ke kusa ya ɗago ya ce, "Malam, in irin wannan kake nema, kawo buhu." Na mayar da shi inda na ɗauka. Doka ce a tsakaninmu yanzu: a duba, a ajiye. Wanda ya kai shi gida ya sa a kan talabijin ya raba shi da wurinsa, kuma wurin shi ne rabin labarinsa.

Kufena kansa ba a hawansa da gudu, duk wanda ya ce maka ya yi, tambaye shi daga ina zuwa ina. Dutse ne sulɓaɓɓe a wasu fuskokin, a wasu kuma manyan duwatsu ne suka hau kan juna, da ciyawa da ƙananan itatuwa a tsakani. Hanyar da yaron ya nuna min ta masu itace ce da masu kiwon awaki. Gajeren taku, jiki a ɗan sunkuye, hannu a kan gwiwa inda ya yi tsayi. Idan dutsen ya bushe, takalmi yana kama shi sosai. Abin tsoro shi ne baƙaƙen layukan nan da ruwa ke bi idan ya gangaro. Da damina gansakuka ce a kansu, santsinta kamar an zubar da miyar kuɓewa, taku ɗaya ya isa. Saukowa ta fi hawa wuya, don a nan ne gwiwa ke karɓar nauyin mutum duka, kuma a nan ne gajiya ke sa mutum sakaci.

A wani shimfiɗaɗɗen wuri a sama akwai ramuka a jikin dutsen, masu tsawo, sumul, waɗanda niƙa ta ci. Na sa tafin hannuna a ɗaya, ya shige har wuyan hannu. Shekara nawa mace za ta yi tana niƙa kafin dutse irin wannan ya lotsa haka? Ba mace ɗaya ba ce, ita da 'yarta da jikarta ne. Daga nan ana ganin komai: rimayen cikin birni, rufin kwanon Tudun Wada da Sabon Gari, dogon ginin majalisar jami'a can Samaru, titi da motoci suna rarrafe. Wani lokaci ƙaramin jirgin ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda ke nan tun 1964, yakan zagayo yana ƙugi. Mutanen da suka zaɓi zama a nan sun san abin da suke yi. Ba mahayin da zai taso daga kowace kusurwa ba a ga ƙurarsa tun da nisa ba. A wani gefen kuma, ƙasa, ana jin guduma: masu fasa dutse ne suna tara tsakuwa don masu gini. Ba na zarginsu, abinci suke nema, amma wanda ya ba da izinin ya kamata a tambaye shi ko ya taɓa hawa nan.

Sai da shekara ta zagayo na san cewa hanya ɗaya na nema, huɗu na samu. Da damina dawa takan rufe turba ta fi mutum tsayi, raɓa ta jiƙa ka sharkaf kafin ka yi nisa, ganye yana yankar damtse, kuma ba ka ganin abin da ke gabanka, sai mu koma burtali da jar hanya, mu bar hawan dutse in an kwana ana ruwa. Da kaka ƙarangiya ce ke mulki. Takan cika safa da ƙafar wando, a dawo gida a zauna ana cire ta ɗaya-ɗaya. Lokacin ne kuma ake kaffa-kaffa da tarin kara da ciyawa, don kububuwa da kasa ba sa gudun mutum, kwanciya suke yi. Ɗari shi ne lokacin gudu na gaske: ƙasa a buɗe, iska da sanyi, sai dai hazo yakan ɓoye Kufena har sai ka zo gindinsa, leɓe ya tsage, maƙogwaro ya bushe, tsidau kuma yana huda takalmin da tafinsa ya cinye. Bazara, watan Maris da Afrilu, in ba ka juyo kafin ƙarfe takwas ba ka sha wuya. Da azumi mukan ajiye hanyar gaba ɗaya, sai ɗan tattaki a cikin unguwa bayan tarawihi.

Kaya ba su da yawa. Kambas na gwanjo mai kaurin tafi da ƙwanƙwasai a ƙasa ya fi sabon da aka yi don kwalta. Ruwa a gora, ba na leda ba, don ledar da ka yar saniyar wani ce za ta haɗiye. Dabino kaɗan a aljihu.

Shanu sun koya min wani abu. Garke ba ya son mai gudu. Da ka hango su, ka koma tafiya, ka ba su gefe, ka gai da mai kiwon, ko yaro ne. Haka karnukan ruga: gudu yana kiran su, tafiya tana kwantar da su, in sun matsa ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse. Akwai wata dattijuwar Bafulatana da mukan haɗu da ita a burtali ta ɗauko ƙwarya za ta shiga gari. Farkon ganinta da ni ta tsaya cak ta ce, "Lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce, "Inna, ba kowa, ƙiba ce." Yanzu in ta hango ni sai ta ce, "Har yau ba ta bar ka ba?"

Ba zan rubuta wannan in yi shiru a kan tsaro ba. Shekarun nan satar mutane ta taɓa gefen Zariya, har da unguwannin bayan ganuwa, kuma akwai watannin da ko kusa ban je ba. Abin da ya sa na iya komawa shi ne lambar nan da na bar wa shugaban 'yan sintiri. Kafin in fita nakan kira shi da dare. In ya ce, "Malam, bari sai wani satin," ba na tambayar dalili. Ba ma wuce dutsen mu yi yamma, ba ma maimaita rana ɗaya da lokaci ɗaya a jere, ba na zuwa ni kaɗai. Manhajar Strava da nake auna tafiya da ita tana nuna wa duniya inda mutum ya tashi, da ƙarfe nawa, da inda ya bi, in bai rufe ba. Na rufe tawa. Wasu sun roƙe ni in sa taswirar a Facebook don kowa ya bi, na ƙi. Hanyar ba tawa ba ce da zan raba. Amana aka ba ni da fuskata, kuma ranar da baƙi ashirin suka ɓullo cikin gajeren wando suna ɗaukar hoton matan mutane a bakin rijiya, ranar za a rufe ta ga kowa.

Wanda yake so, sai dai ya biyo mu. Haka muka zama 'yar ƙungiya: wani malamin makaranta, wani tela da ciwon suga ya taso wa, ɗalibai biyu daga jami'a, da jikan mai unguwa, wanda yake wuce mu duka da silifas. Duk sabon da ya zo, ranar farko tafiya zai yi ba gudu ba, kuma sai an kai shi zaure ya gaisa. Daga ƙofa zuwa saman dutse da dawowa yakan ci mana awa biyu, wani lokaci da rabi, ya danganta da yawan gaisuwa. Ɗaliban sukan yi ƙorafi cewa tsaye-tsayen nan suna ɓata musu lissafin sauri a waya. Na ce musu filin wasa yana nan, ba wanda zai tambaye su ya ruwa. Jinin nawa ya sauka, ko da yake likita bai yarda in bar magani ba.

Bana da muka koma bayan sallah, mun tarar an kafa turakun siminti a gonakin da ke tsakanin Wusasa da tudun ganuwar, an yanka su fuloti-fuloti, wani har ya zagaye nasa da bulo, ya toshe turbar da muke bi. Ɗaya daga cikin turakun a kan doron ganuwar aka dasa shi. Na koma wajen mai unguwa na faɗa masa. Ya ce magada ne suka sayar, ba shi da ta cewa, gari ne yake tahowa. Ya ce mu riƙa zagayawa ta jar hanya tukuna, in an yanke dawa zai sa yaron ya nuna mana wata turbar ta bayan fadama, amma sai mun fara zuwa mun gai da mai raken, don shi ba ya wasa da gonarsa. Telan ya ce ya san mutumin, yana yi masa ɗinki, shi zai kai goron.